Yaƙin Basasa a Cikin Gida Ɗaya: Janar J.E.B. Stuart da Matarsa Flora Cooke

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin yaƙe-yaƙe sun saba bin sawun jarumi tun daga ranar da ya fara ɗaura sirdi har ranar da ya faɗi, sa'an nan su rufe littafi. Iyalin da ya bari kuwa ba safai ake waiwayarsu ba, sai fa in za a faɗi yawan 'ya'yansa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba rayuwar Janar James Ewell Brown Stuart, shugaban sojan doki na babbar rundunar Kudu a yaƙin basasar Amurka (1861 zuwa 1865), tare da ta matarsa Flora Cooke. Abin da ya sa wannan gida ya cancanci nazari shi ne, mijin Flora da mahaifinta duka biyu janar-janar ne na sojan doki, kuma kowanne ya ja daga a ɓangare dabam. Za a bi labarin ta hanyar sunayen da aka raɗa, da waɗanda aka sauya, da waɗanda aka goge, domin a wannan gida suna ya zama makami, kuma rigimar da aka fara a kansa a 1861 ta kai har zamanin nan.

2.0 Asalin Gidajen Biyu

An haifi Stuart ran 6 ga watan Fabrairu, 1833, a wata gona mai suna Laurel Hill a jihar Birjiniya. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Mahaifinsa, Archibald Stuart, lauya ne kuma ɗan siyasa, har ya taɓa zama wakili a majalisar tarayya. Gida ne na masu mallakar bayi, kamar akasarin manyan gidajen Birjiniya na wancan zamani. A 1850 Stuart ya shiga makarantar hafsoshin soja ta West Point, ya fito a 1854 yana na 13 cikin ɗalibai 46. A can ne ya fara sanin Robert E. Lee, wanda ya zama shugaban makarantar a 1852. Daga haruffan farko na sunayensa uku aka ƙago laƙabin da aka fi saninsa da shi, watau "Jeb".

Surukinsa, Philip St. George Cooke, shi ma haifaffen Birjiniya ne, a 1809, kuma ya fito daga West Point a 1827. Ya shafe shekaru yana aiki a yankunan yammacin ƙasar, inda gwamnati take ta ƙwace filayen ƙabilun da aka tarar a can. Shi ne ya rubuta littafin dabarun yaƙin doki da sojan Amurka suka yi amfani da shi, har wasu marubuta suna kiransa uban sojan dokin Amurka. Ya haifi ɗa namiji, John Rogers Cooke, da 'ya'ya mata uku: Flora, da Maria, da Julia. An haifi Flora ran 3 ga watan Janairu, 1836, a barikin soja na Jefferson a jihar Missouri. Ta yi karatu a makarantar kwana a Detroit, ta kuma tashi gwana a hawan doki, kamar yadda ya dace da 'yar bariki.

3.0 Aure da Rayuwar Bariki

A 1855 aka tura Laftanan Stuart barikin Leavenworth a yankin Kansas, a nan ya sadu da Flora. Ba a cika wata biyu ba aka yi baiko. An ɗaura aure ran 14 ga watan Nuwamba, 1855, a barikin Riley, ba tare da wani shagali ba, saboda rasuwar mahaifin ango a watan Satumba na shekarar. 'Yarsu ta fari ta koma ranar da aka haife ta a 1856. A 1857 aka harbi Stuart a ƙirji a wata arangama da mutanen ƙabilar Cheyenne a bakin kogin Solomon, amma ya warke. A wannan shekara kuma suka sami 'ya mace, aka sa mata sunan uwarta, Flora. Ma'auratan sun mallaki bayi biyu a shekarun nan.

A watan Oktoba na 1859 Stuart yana Washinton, yana neman sayar wa gwamnati wata ƙugiyar rataya takobi da ya ƙirƙiro, sai labari ya zo cewa John Brown, mai fafutukar kawar da bauta, ya kame ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry da nufin tayar da bayi. Aka tura Kanar Lee ya murƙushe tawayen, Stuart ya bi shi a matsayin mai taimaka masa. Shi ne ya je bakin ƙofa ya karanta wa Brown takardar neman ya miƙa wuya, kuma shi ne ya ba da alamar afkawa sa'ad da Brown ya ƙi. Ke nan tun kafin yaƙi ya ɓarke, Stuart ya riga ya tsaya ido da ido da batun da zai raba ƙasar.

Ran 26 ga watan Yuni, 1860, Flora ta haifi ɗa namiji. Stuart ya yi wa surukinsa takwara, aka raɗa wa yaron Philip St. George Cooke Stuart. Wannan ya isa shaida a kan irin girman da saurayin hafsan yake ba uban matarsa a lokacin.

4.0 Rabuwar Kai da Sauya Suna

Bayan zaɓen Abraham Lincoln a watan Nuwamba na 1860, jihohin Kudu suka fara ɓallewa daga Tarayya. Tushen rigimar shi ne bauta. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu a ƙasar, kuma Birjiniya ce ta fi kowace jiha yawansu, da kusan rabin miliyan. Ran 17 ga watan Afrilu, 1861, babban taron jihar ya zaɓi ɓallewa. Kowane hafsa ɗan Birjiniya ya sami kansa a tsaka mai wuya: ko ya riƙe rantsuwar da ya yi wa Tarayya, ko ya bi jihar haihuwarsa.

Gidan Cooke ya dare biyu. Stuart ya ajiye aikinsa a watan Mayu ya koma Kudu. John Rogers Cooke ya bi sahunsa, daga baya ya zama janar a sojan ƙasa na Kudu. Mijin Maria, Likita Charles Brewer, ya zama likitan sojan Kudu. Mijin Julia kuwa, Jacob Sharpe, hafsa ne a sojan Tarayya. Shi dattijo Cooke ya tsaya a kan rantsuwarsa, ya zauna tare da Tarayya. Stuart ya ɗauki wannan a matsayin cin amanar Birjiniya. A wata wasiƙa da ya aika wa John, ya ce tsohon zai yi nadama sau ɗaya tak, amma nadamar ba za ta yanke ba.

Bai tsaya a magana ba. Kafin ƙarshen 1861 ya dage sai an cire sunan surukinsa daga kan ɗansa, aka mayar da yaron James Ewell Brown Stuart ƙarami, ana kiransa Jimmie. Ya kamata a lura da nauyin wannan mataki. Mayar da sunan babba ga jariri alkawari ne tsakanin gidaje biyu, kuma janye shi bayan yaro ya shekara yana amsa shi daidai yake da sanar da duniya cewa an yanke zumunci. Wadda hukuncin ya fi shafa ita ce Flora, domin sunan mahaifinta aka goge daga kan ɗan da ta haifa, kuma mijinta ne ya goge shi. Ta bi mijinta Kudu, ta rabu da iyayenta har tsawon yaƙin.

5.0 Suruki da Suruki a Fagen Fama

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san aikin sojan doki a wannan yaƙi. Bindigogin zamanin suna cin nesa, saboda haka sukuwa kai tsaye cikin sahun sojan ƙasa ta zama hanyar halaka dawaki da mahayansu. Babban amfanin barade ya koma leƙen asirin abokan gaba, da ɓoye motsin rundunarsu, da kai hari kan ayarin guzuri da layin dogo da wayar tangaraho. A wannan fanni Stuart ya yi fice. Ya zama birgediya-janar a watan Satumba na 1861. An san shi da hula mai gashin jimina, da alkyabba mai jan shafi, da makaɗin da ke biye da shi duk inda ya yi sansani, ga shi kuma ba ya shan giya saboda alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa tun yana yaro.

A watan Yuni na 1862 rundunar Tarayya ƙarƙashin Janar George McClellan ta iso dab da Richmond, babban birnin Kudu. Lee, wanda bai daɗe da karɓar ragamar rundunar Kudu ba, ya umarci Stuart ya gano masa ko ɓangaren dama na abokan gaba yana da kariya. Ran 12 ga wata Stuart ya fita da mahaya 1,200. Da ya tabbatar ɓangaren a buɗe yake, maimakon ya juyo ta inda ya bi, sai ya zarce ya kewaye rundunar McClellan gaba ɗaya, tafiyar mil ɗari ko fiye, ya dawo ran 15 ga wata da fursunoni da dawaki da alfadarai. Mutum ɗaya kaɗai aka kashe masa. Wanda ke riƙe da sojan dokin ko-ta-kwana na McClellan, wanda kuma nauyin bin sawun maharan ya faɗa kansa, shi ne Janar Cooke. Ya ɗauka maharan sun fi haka yawa, ya yi jinkiri, ya jira sojan ƙasa, har surukinsa ya ƙetare kogin Chickahominy ya tsira.

Labarin da Stuart ya kawo ya taimaki Lee ya shirya farmakin kwana bakwai wanda ya kori McClellan daga bakin Richmond. A cikin waɗannan kwanaki, a yaƙin Gaines's Mill ran 27 ga watan Yuni, Cooke ya tura wata ƙaramar ƙungiyar mahaya su yi sukuwa cikin sojan ƙasa na Kudu, aka yi musu mummunar ɓarna. Daga wannan kamfe ba a sake ba shi jagorancin mayaƙa a fagen fama ba, sai ayyukan ofis a bayan daga. Stuart kuwa aka ƙara masa girma zuwa manjo-janar a watan Yuli, jaridun Kudu suna ta yabonsa. Wata guda ya ɗaga mijin Flora ya kuma dusashe tauraron mahaifinta.

6.0 Rashi, Haihuwa da Mutuwa

Ɗaukakar ba ta hana baƙin ciki shiga gidan ba. Ran 3 ga watan Nuwamba, 1862, ƙaramar Flora ta rasu da zazzabin taifod tana kusan shekara biyar. Uban yana bakin daga, yana tare wa rundunar Lee hanya, bai sami zuwa ya gan ta ba. Uwar ce ta yi jinya ta kuma ga fitar ran 'yarta, ba miji a kusa, ba iyaye. Wasiƙun Stuart na bayan haka sun nuna rashin ya daɗe yana cin ransa.

A watan Mayu na 1863, a yaƙin Chancellorsville, sa'ad da aka raunata Janar Jackson, Stuart ya karɓi jagorancin sojan ƙasansa ya kuma yi rawar gani. Amma ran 9 ga watan Yuni sojan dokin Tarayya suka shammace shi a Brandy Station, a karon dawaki mafi girma na yaƙin duka, jaridun Richmond suka soke shi. Makonni kaɗan bayan haka ya sake yunƙurin kewaye abokan gaba, ya yi nisa da Lee, bai iso Gettysburg ba sai ran 2 ga watan Yuli, bayan an kwana ana gwabzawa. Lee ya shiga wannan babban yaƙi ba tare da cikakken labarin inda abokan gabansa suke ba, aka kuwa ci shi. Zargin wannan jinkiri ya bi sunan Stuart har bayan ransa.

Ran 9 ga watan Oktoba, 1863, Flora ta haifi 'ya mace. Aka raɗa mata Birjiniya Pelham: sunan farko na jihar da uban yake yaƙi dominta, na biyu kuma na John Pelham, saurayin hafsan igwa da Stuart yake ƙauna, wanda aka kashe a watan Maris na shekarar. A 1860 dangi ake yi wa takwara a wannan gida. A 1863 kuwa jiha da abokin yaƙi suka maye gurbinsu.

A watan Mayu na 1864 Janar Philip Sheridan ya nufi Richmond da mahayan Tarayya sama da 10,000, da niyyar ya ja Stuart fili ya karya shi. A kan hanyar bin sawunsa, ran 10 ga wata, Stuart ya ratse Beaver Dam inda iyalinsa suke zaune, ya yi musu gajeriyar sallama. Kashegari aka yi karo a Yellow Tavern, mil shida arewa da Richmond, mutanen Stuart ba su kai rabin na Sheridan ba. Wani sojan Michigan da ya rasa dokinsa ya harbe shi da ƙaramar bindiga a ciki. Aka kai shi gidan Likita Brewer a Richmond, aka buga wa Flora waya. Amma maharan sun riga sun tumɓuke layin dogo, dole ta ƙarasa tafiyar a keken doki cikin dare da ruwan sama. Stuart ya cika da maraicen ran 12 ga watan Mayu yana da shekara 31. Flora ta iso bayan sa'o'i kaɗan, ta tarar da gawa. Aka binne shi a maƙabartar Hollywood ta Richmond.

7.0 Shekara Hamsin da Tara Cikin Baƙin Tufafi

Flora ta rasa miji tana da shekara 28, ga yara biyu, babban bai cika huɗu ba, ƙaramar tana goye. Mahaifinta ya nemi ta dawo Arewa wurinsa, ta ƙi, domin mijinta ya bar wasiyyar cewa a Kudu yake so a reni 'ya'yansa. Ta koma garin Saltville kusa da yayan mijinta, William Alexander Stuart, ta shiga koyar da yara domin ta riƙe gidanta. A al'adar mutanenta, matar da mijinta ya mutu takan sa baƙin tufafi kimanin shekara biyu da rabi. Ita ba ta tuɓe su ba har ƙarshen ranta, ba ta kuma sake aure ba.

A 1880 aka naɗa ta shugabar makarantar 'yan mata ta Virginia Female Institute a garin Staunton, ta riƙe ta har 1899. Wannan shekara goma sha tara ta ninka zaman aurenta fiye da sau biyu, domin auren bai cika shekara tara ba. A makarantar an fi saninta da laƙabin da ta fi so, watau uwargidan Janar Stuart. Ta ajiye aiki ne saboda wani sabon rashi: 'yarta Birjiniya ta rasu a 1898 ta bar ƙananan yara uku, sai kakar ta koma Norfolk ta rene su. Ta rasu ran 10 ga watan Mayu, 1923, tana da shekara 87, aka binne ta kusa da mijinta.

Ɓarakar da ke tsakanin dattijo Cooke da ɗansa John ba ta ɗinke ba sai bayan shekaru masu yawa da ƙare yaƙin. John ya rasu a 1891, uban ya bi shi a 1895 a Detroit. Da Stuart kuwa babu damar sulhu, mutuwa ta riga ta shiga tsakani.

8.0 Suna Bayan Mai Shi

Bayan yaƙi, tsofaffin hafsoshin Kudu suka duƙufa ga rubuta tarihi ta fuskarsu, suna ɗaukaka jaruntaka suna rage ambaton bauta. A cikin wannan yanayi wasu suka ɗora wa Stuart laifin Gettysburg domin su wanke Lee, wasu kuma suka tashi kare shi. Cikin masu kare shi akwai babban mataimakinsa, Henry B. McClellan, wanda ya buga tarihin rayuwarsa a 1885. Shi wannan marubuci ɗan'uwa ne na kusa ga Janar George McClellan da Stuart ya kewaye a 1862, abin da ke nuna cewa gidan Cooke ba shi kaɗai yaƙin ya tsaga ba.

Shekarar 1907 ta zo da karramawa biyu. A Richmond aka kafa mutum-mutumin Stuart bisa doki a kan titin Monument Avenue. A Staunton kuma aka sauya sunan makarantar da Flora ta shugabanta zuwa Stuart Hall, domin tunawa da aikinta. A yaƙin duniya na biyu sojan Ingila sun raɗa wa wata ƙaramar tankar yaƙi ƙirar Amurka sunan Stuart. Aka kuma sa sunansa a makarantu da tituna da dama a Kudu. Sai dai jikokin bayi, waɗanda 'ya'yansu suke karatu a irin waɗannan makarantu, sun daɗe suna tambayar dalilin girmama mutumin da ya yi yaƙi domin gwamnatin da aka kafa a kan bautar da kakanninsu. A 2018 wata makarantar sakandare a gundumar Fairfax ta Birjiniya ta ajiye sunansa ta koma Justice High School. A watan Yuli na 2020, a lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, hukumar birnin Richmond ta sauke mutum-mutumin. Sunan Stuart Hall kuwa, wanda aikin koyarwar Flora ya samar, bai bi sahunsu ba.

9.0 Kammalawa

An ga yadda hafsoshi biyu 'yan jiha ɗaya, 'yan makaranta ɗaya, masu sana'a ɗaya, waɗanda aure ya haɗa, suka fassara biyayya ta hanyoyi biyu. Cooke ya riƙe rantsuwarsa ya rasa 'ya'yansa biyu mata da ɗansa na tsawon shekaru. Stuart ya bi jiharsa ya rasa ransa, kuma abin da ya mutu yana karewa ya haɗa da ci gaba da bautar da mutane kusan miliyan huɗu, gaskiyar da ƙwarewarsa a kan doki ba za ta shafe ba. Flora ba a nemi shawararta a kan ɓallewa ko yaƙi ba, amma ita ce ta ɗauki sakamakon har shekara hamsin da tara.

Ga mai nazarin harshe da al'ada, wannan tarihi yana nuna cewa raɗin suna hujja ce da masanin tarihi zai iya karantawa kamar yadda yake karanta wasiƙa ko rahoton yaƙi. Philip na 1860, da Jimmie na 1861, da Birjiniya Pelham ta 1863, sun isa su nuna inda zuciyar maigidan ta karkata a kowace shekara. Shi da ya cire sunan surukinsa daga kan ɗansa saboda yana ganin mai sunan ya saɓa wa ƙasarsa, an wayi gari an cire nasa daga bangon makaranta a kan irin wannan tuhuma, bayan shekara 157.